Layin da Ya Raba Jumare da Shanu

Duk wanda ya san ƙauyukan Kebbe ya san Jumare, maƙwabcina. Tun yana saurayi yake yi wa mutane kiwon amana: malamai da ma'aikatan Tambuwal su sayi saniya su bar masa, shi ya ji da ciyawa da magani. Ko akuya ba ta taɓa ɓata a hannunsa ba. Mutum ne mai shiru har ya ba ka haushi.

Bara wayarsa ta faɗa rafi. Ranar kasuwa ya je Tambuwal ya sayi wata da sabon layi, aka ɗauki hotonsa da zanen yatsunsa. Babu wanda ya gaya masa cewa lambar ba sabuwa ba ce. Ashe idan layi ya daɗe ba a amfani da shi, kamfani ƙwace lambar yake yi ya ba wani, kamar rigar gwanjo, ba tare da ya tambayi wa ya sa ta a da ba.

Jumare ya kira Ɗangiwa, wani mai shanu a Sanyinna da yake yi wa kiwo, don ya tambaye shi kuɗin dusa. Shi kuwa Ɗangiwa an taɓa kore masa garke, ɓarayin suka riƙa kiransa da wannan lambar suna yi masa barazana. Ya adana ta da sunan “ɓarayi”. Wayarsa na ƙara ya ga sunan, ya ɗauka, ya ji muryar Jumare.

Kafin la'asar 'yan banga sun ɗaure Jumare a gaban 'ya'yansa. Yana ta cewa, “Mi ni yi? Wallahi saye ni yi, ku tambayi mai shago!”

Mai shagon ya zo gaban hakimi ya yi bayani dalla-dalla, aka saki Jumare. To, sai me? Masu shanu sun riga sun zo ɗaya bayan ɗaya sun kwance dabbobinsu, har da waɗanda ya raina tun suna maruƙa. Kowa ya ji gaskiya, kowa ya gyaɗa kai, amma babu wanda ya mayar da ko guda. Wai a cewarsu, zuciya ba ta kwanta ba. Wannan rashin kunya har yau tana tafasa mini jini.

Yanzu ciyawa Jumare yake yankowa ya kai gidajen masu shanun a kan keke. Idan ya iso, shanun su miƙe su yi ta kuka suna jan igiya. Mai gida kuwa sai ya ce ya sauke a waje, kada ya shigo.