Hannun Wakilin Hakimi

Attahiru ɗan Magaji bai taɓa noman albasa ba, bai taɓa zuwa cin rani ba. Sana'arsa guda, jiran gado. A ƙauyensu da ke bayan Dingyaɗi, sarautar Magaji daga uba take sauka kan babban ɗa tun zamanin kakan kakansu, sai fa in ɗan yana da nakasa. Makaho kam ba a taɓa naɗa masa rawani ba.

To, tsohon nasu ya ƙi mutuwa. Ya binne mata uku da likitan da ya ce masa ya yi wasiyya. Attahiru ya yi furfura a bakin zaure, haƙoransa suka riga na ubansa zubewa, daga baya yanar ido ta fara rufe masa gani. Matarsa Kaltume kaɗai ya gaya wa. Ya haddace hanyar masallaci, ya haddace muryar kowa da tarin kowa, har da jan takalmin liman. Mutum na sallama zai kira sunansa, a tafi ana yaba basirarsa.

Zayyanu, ɗan ƙanen ubansa, dillalin albasa a Bodinga, shi ya lura Attahiru ba ya fara gaisuwa sai an yi magana.

Ranar da tsohon ya gaji ya tafi, wakilin hakimi ya zo ta'aziyya, kuma kowa ya san duba magaji ne ya kawo shi. Zayyanu ya tarbe shi a bakin mota, ya raɗa masa cewa baƙin ciki ya sa Yaya ba ya son hayaniya, a shiga shiru.

Wakili ya cire takalmi, ya tako a hankali, ya miƙa hannu. Hannun ya tsaya a gaban hancin Attahiru. Shi kuwa yana ta jan carbi, yana kallon ƙofa da fuskar mai jiran babban baƙo. Da hannun ya gaji, ya koma aljihu.

Zayyanu aka naɗa. Bayan sati ya taho da 'yan rakiya, ya durƙusa.

"Yaya, gidanga ba mu barin babba haka nan. Mun yi shawara, mun ba ka Sarkin Makafi."

Attahiru ya juya zai tofa masa yawu. A kan liman ya sauka.