A Daka, A Kwaɓa, A Shafa

Shekarun baya, bayan an rufe masaƙar da nake aiki a Kakuri, Allah ya jarrabe ni da wani ciwon fata. Ina zaune a Makera da iyalina, ba aiki, sai 'yar gonar da na gada a Kakau, ita kuwa masara kaɗai nake shukawa a cikinta. Kokon masara da safe, tuwon masara da rana, da yamma a ɗumama abin da ya rage. Miya kuwa kuka ce da gishiri. Idan aka sami ɗan wake ko kan kifi, sai in ce a bai wa yara, ni babba ne. Ciki yana cika, muna gode wa Allah.

Abin ya fara daga bayan hannuwana. Fatar ta yi ja kamar ƙuna, sannan ta yi baƙi, ta yi kaushi, ta dinga tsagewa tana saɓa. Daga nan ya zagaye wuyana daidai inda riga ta tsaya, ya sauka kan ƙafa inda takalmi bai rufe ba. Man kaɗanya, sabulun salo, sassaƙe iri-iri, babu wanda mai ɗakina ba ta nemo ba. Na yi rubutu na sha. Shiru.

A lokacin ni ne mai jan baƙi a tafsirin masallacin unguwarmu: ni nake karanto aya, liman ya fassara. Aikin masaƙa ya tafi, amma wannan zama na gefen liman duk watan azumi shi ne abin da ya rage mini da nake ɗaga kai da shi. Sai na lura mutane sun fara gaishe ni daga nesa, hannu a ƙirji. A farkon Rajab liman ya ja ni gefe bayan La'asar.

Ya ce, "Alaramma, ni da kai ba ɓoye-ɓoye. Jama'a suna magana, wasu na cewa farkon kuturta ne. Ni ban yarda ba. Amma ka san in an tashi kowa sai ya zo musabaha. Idan Sha'aban ya raba bai lafa ba, ka huta bana, mu nemi wani."

Na ce, "Allah gafarta Malam, gaskiya ka faɗa." Na dawo gida, tuwon ma na kasa ci.

Ina da wani aboki ɗan ƙabilar Ibo, tare muka yi aikin masaƙa, daga baya ya buɗe gareji a Sabon Tasha. Kwana biyu bayan maganar liman muka haɗu a hanya. Ya miƙo hannu, na noƙe nawa cikin riga. Ya fizgo shi ya duba.

"Malam, wetin be this? Tun yaushe? Hau mashin, mu je wurin yayata."

Yayar tasa tsohuwar nas ce, ta yi ritaya. Muka tarar da ita tana sauri za ta coci. Ta juya hannuwana, ta duba wuyana, suka yi magana da ƙaninta da yarensu, ban tsinci komai ba sai kalmar masara. Sannan ta ce da Hausarta mai ɗingishi, "Malam, rubuta. Gyaɗa. Wake. Busasshen kifi. Ƙwai. Nono. Ka yi amfani da su kullum-kullum. Sati biyu ka dawo." Ta ɗauki jakarta ta wuce.

To, nan ne gizo ya saƙa. Ni mutum ne da ya tashi a gaban kundin mahaifinsa, wato tarin takardun ajami da ake rubuta magunguna a ciki. A kundi, in an jero sunayen kayan haɗi, sai a rufe da yadda za a yi da su. Na zaro takarda na jero abin da ta faɗa da ajami, da na kai ƙarshe hannuna da kansa ya ƙara abin da ya saba rubutawa a ƙarƙashin kowane maganin fata: a daka, a kwaɓa, a shafa.

Da na karanta wa mai ɗakina, sai ta leƙa takardar. Can ta ce, "Malam, anya? Wannan ai cefane ne."

Na ce, "Ke dai ɗauko turmi. Ciwon fata a kan fata ake maganinsa."

Ta daka gyaɗa da wake da kifi, ta fasa ƙwai, ta kwaɓa da nono. Kullum da hantsi in zauna a tsakar gida in laɓta a hannu da wuya, yara suna kallon turmin suna haɗiyar yawu. Ƙudajen Makera duk sun san gidana. Wata mage ta maƙwabta ta ɗauke ni aboki, ko masallaci zan je, bayan na wanke da sabulu sau uku, sai ta raka ni har bakin ƙofa. Haka na yi sati biyu cur, ina cin tuwona da miyar kuka, ina shafe abincin kirki a jiki.

Ranar da muka koma, yayar abokina ta shinshina iska ta ce, "Wa ya zo da kifi?" Ta duba hannuwan, ta ga babu abin da ya sauya. "Kana ci kuwa?"

Na ce, "Ci kuma, Madam? Shafawa nake, safe-safe, ban taɓa fashi ba."

Ta ɗora hannu biyu a ka. "Chineke! Malam! Baki! Baki nake nufi!" Tana nuna bakinta da yatsa. Abokina kuwa ya dafa bango yana dariya har da hawaye, yana cewa, "Malam ya zama suya, saura yaji!"

Da ta huce, ta zaunar da ni ta yi mini bayani. Ta ce masara tana cika ciki, amma akwai wani sinadari da jiki ke buƙata wanda ba ya samu daga gare ta ita kaɗai. Idan ya yi ƙaranci, fata ce ke fara faɗa, musamman inda rana ke duka, in aka bar shi kuma ya taɓa ciki, har ya taɓa hankali. Ta ce ba kuturta ba ce, kuma ba a ɗauka. A ranar ta kai ni asibiti da kanta, likita ya tabbatar da maganarta, ya ba ni wasu ƙananan ƙwayoyi, ya ce in riƙa rufe jikina daga rana.

Wata ɗaya ya rage mini. Na kai buhun masara Kakau na yi musaya da wake da gyaɗa wurin maƙwabcin gonata. Ƙuli-ƙuli a cikin koko, wake da rana, kifi a miya, nono idan an samu. Mai ɗakina ta kafa doka: a gabanta zan ci, kuma ba a miƙa wa kowa. Sati bai cika ba zafin ya ɗauke. A na biyu baƙar fatar ta fara zubewa kamar ɓawon gyaɗa, sabuwa tana fitowa a ƙasa.

Ranar sha biyar ga Sha'aban na je masallaci da wuri, na naɗe hannun riga har gwiwar hannu, na yi alwala a tsakiyar jama'a ba tare da gaggawa ba. Liman ya kama hannuwana biyu, ya juya su gaba da baya, ya ce, "Allahu Akbar." Wani Alhaji da ya yi wata uku yana kauce mini ya matso ya riƙe hannuna gam, ya rage murya.

"Alaramma, don Allah wace aya ka ja? Ka ba ni laƙanin."

Na ce, "Alhaji, wake ne. Amma a ci."

Ranar ɗaya ga azumi na zauna a wurina. Na buɗe baki na ja baƙi, liman ya fassara.

Har yau ban daina addu'a ba, kuma na tabbata ita ce ta haɗa ni da abokina a hanya ranar nan. Amma na gane cewa Allah da ya saukar da waraka ya ajiye wata a cikin kwanon abinci, kuma mai gida da ke hana kansa don yara su ci, in ya kwanta yaran ne za su fi shan wahala. Yanzu duk wanda ya zo mini da ƙaiƙayi ko tsagewar fata yana neman rubutu, nakan yi masa, in ce ya je asibiti. Amma kafin in ɗauki alƙalami sai na tambaye shi, "Bawan Allah, me ka ci jiya?"