Zogalen Kawu Bala

Duk wanda ya san Kawu Bala a garin Gaithersburg na Amurka ya san da zarar ganyen itatuwa ya fara ja, to shi kuma ya fara sintiri. Kullum da safe sai ya fito da jallabiya da hular sanyi, ya shafa gilashin motarsa, ya shafa ciyawa, ya ɗaga kai ya harari sama kamar ta yi masa laifi. Idan ka gaishe shi, amsa ɗaya ce: "Lafiya lau, amma sanyi ba ya sallama."

Kar ku ɗauka kansa yake tsoro wa. Zogalensa ne! Wanda ya shuka a rabin ganga a bayan gida, da irin da ya tsinko a tsakar gidan mahaifiyarsa, kakata, a Funtuwa. Kowa ya gaya masa zogale ba ya rayuwa a ƙasar nan, raɓa ɗaya ta daskare a kansa shi ke nan. Ya ce, "Ni ma haka aka ce da na zo, ga ni kuwa."

Ni 'yar ƙanwarsa ce, a gidansa na zauna ina karatun jinya, don haka na sha wuyar itacen nan. Na taɓa nuna masa hasashen yanayi a waya, na ce, "Kawu, sun ce da saura, kuma bana hunturun ba zai yi tsanani ba."

"Asabe, su da gwiwata wa ya fi daɗewa a garin nan?"

Ranar gwiwa ta ce masa raɓa za ta daskare. Ganga ta yi masa nauyi, babu mai kama masa, sai ya ɗauko tsohuwar babbar rigarsa ya zura wa zogale, ya kafa masa hula a ƙoli. Washegari maƙwabciyarmu, wata tsohuwar Baturiya, ta leƙo ta katanga ta gaishe shi har sau uku. Shiru. Ta zo ta kawo ƙara wurin matarsa, Anti Rabi, wai me ta yi wa Mista Bala ya daina amsa gaisuwarta? Kawu yana daga ciki ya ɗaga murya: "A ba ta haƙuri, baƙo ne, bai iya Turanci ba!"

Sai batun ganye. Mutanen unguwa su share, su cika buhuna, su jera a bakin titi. Kawu ya bi da mota yana lodawa, ya zo ya tara wa gindin ganga don ɗumi. Yaransa suka saya masa injin hura ganye, ya juya shi, ya ce, "Iskar da Allah ya ba ni kyauta zan saya wa fetur?" Ya koma ga tsintsiyarsa ta gida, wadda ta cinye har ta zama ɗan guntu, yana shara a duƙe yana cewa Amurkawa ba su san taki ba.

Amma abin da ba za mu manta ba shi ne hita, na'urar ɗumama gida. Wallahi ko haƙoranmu za su kakkarye don rawar ɗari, Kawu ba ya kunna ta sai ranar da zogale ya shigo falo. Ranar kuwa za a ja kujerar Anti Rabi daga bakin taga, a ba shi wurin rana.

"Alhaji, mu ba mutane ba ne?" in ji Anti.

"Kuna da rigar sanyi, Rabi. Shi fa?"

"Wata rana sai na tsige shi tas na yi kwaɗo da ƙuli!"

"Ki kira ni, zan ci. Amma ki bar min gindin."

Har ta kai auta, wanda ba ya mayar da Hausa, yana tsayawa a taga yana addu'a da Turanci Allah ya kawo ƙanƙara, ko itacen Baba ya shigo mu samu ɗumi.

Kawu ya rasu a lokacin zafi, zogale na tsaka da fure. Da lokacin kaka ya shigo, na damu ƙwarai. Yara sun watse jihohi, ni ina Alexandria, wani gari nan kusa, ga Anti ta shekara da shekaru tana rantsuwa a kan itacen nan. Gidan Funtuwa kuwa an rushe shi tuni, wannan ne kaɗai ya rage daga tsakar gidan kakata. Na kasa yi mata maganar, kullum sai in ce gobe.

Makon jiya bayan la'asar sai ga wayarta. "Asabe, ki zo ki kama min ganga."

"Anti, hasashe ya ce sai mako mai zuwa."

"Ke, rabu da su! Sanyi ba ya sallama."

Na je na tarar ta riga ta ja kujerarta daga bakin taga da kanta, hita na aiki. A waje kuma ga zogale sanye da babbar riga da hula, yana jiran mu. Na yi dariya har na zauna a ƙasa, daga nan dariyar ta koma kuka. Muka ja shi ciki mu biyu muna nishi. Da gari ya waye, ciyawar unguwar fara fat.

Allah ya jiƙan Kawu Bala, ya yafe masa kurakurensa. Yadda ya suturta ɗan itace daga sanyin baƙuwar ƙasa, ya Allah ka lulluɓe shi da rahamarka, ka sauke shi a lambun da babu ɗari, kusa da mahaifiyarsa. Amin.