Yawur mai sanyin da na ɗauka maganin sukari

Lokacin da abin nan ya same ni ina ɗauke da cikina na biyu, muna haya a unguwar Harobanda, hayin kogi a Yamai, maigidana yana tuƙin taksi. Ban yi nisa a lakwal, makarantar boko, ba, kuma ni mai yawan fargaba ce, don cikina na fari zubewa ya yi. Da wannan ya fara tsufa aka yi mini analiz, gwajin jini, a wurin awo, saj-fam, wato ungozomar asibiti, ta ce sukarina ya hau, irin wanda ciki ke kawowa. Ta ce in rage zaƙi, in dawo a sake aunawa. Har na tsallako gadar kogi zuwa gida ban daina kuka ba.

Yayar maigidana, mai sayar da atamfa a Babbar Kasuwa, ita ta kawo mini wasu ƙwayoyi daga farmasi, wai probiotik. Ta ce in share hawayena, wasu ƴan halittu ne masu gyara hanji, irin waɗanda ke mayar da madara nono, kuma ta ji a waya suna sauke sukari. Da kwalbar ta ƙare sai na yi nawa tunani: in dai a nono abin yake, ai ga yawur, nonon kanti mai sukari na leda, a firigon maƙwabciyata. Na kama sha safe da rana, mai sanyi, zaƙi har maƙogwaro, ina ganin magani nake sha. Awo kuwa na ƙi komawa, don tsoron a ce sai allura.

Ƙishi ya dame ni, fitsari ba hutu, na ce zafin Yamai ne. Ranar da na ga kiyashi sun yi layi a bakin fo, robar da nake fitsari a ciki, sun bar na ƴar maƙwabciyata da ke gefensa, gabana ya faɗi. Ko tukunya ban sauke ba na kira maigida ya kai ni wurin awo.

Na zaci saj-fam za ta yi mini faɗa. Dariya ta fara yi, ta ce ƙanwata, ai sukari kika yi ta bi da sukari. Ta ce ƙwayoyin ba guba ba ne, amma babu tabbacin suna hana ciwon, kuma ba sa maye gurbin awo. Allurar da nake gudu aka sa ni a kai, ashe ƴar siririya ce. Na koma nono tsagwaronsa, da kopto, wato kwaɗon zogale, da tattaki bayan la'asar. Alhamdu lillahi, na haifi ɗana lafiya, ƙato da shi, sukarin ya sauka bayan haihuwa, sun ce dai in riƙa zuwa ana dubawa.

Ƴan'uwana mata, duk abin da aka kawo muku, ko daga farmasi ne, ko mai ƙaunarku ce ta kawo, ku kai wurin awo a gani kafin ku haɗiye. Jiki ba ya faɗa muku sukari ya sauka, awo ne ke faɗa. Ni Allah ya rufa mini asiri, ga yaron nan yana ja mini zane ina wannan rubutu.