Matar da Ke Gwada Darasin Gobe a Kanmu

Shekara tara ke nan da rasuwar Malama Rifkatu. Ba a buga mutuwarta a jarida ba, ba a kuma sa wa ko aji ɗaya sunanta ba. Malamar firamare ce a nan Minna, 'yar kudancin Kaduna, aure ya kawo ta unguwar Shango ta zauna har ƙarshen kwananta. Ni kuwa ina cikin matan da ta koya wa karatu bayan furfura ta fara leƙo mana. Duk shekara idan watan nan ya kama nakan tuna da ita ni kaɗai, in yi shiru. Bana na ƙi yin shirun, domin 'yata Hadiza, wadda ita ma malama ce, ta zo mini da maganar barin koyarwa, kuma tun ranar nake tambayar kaina abin da Malama za ta ce da tana raye.

Faɗa ne ya haɗa ni da ita. Ina da shekara arba'in da uku, ina sayar da kayan miya, ban san ko harafi ɗaya ba. Mahaifina ma'aikacin jirgin ƙasa ne, ya sa 'ya'yansa maza a boko, mu mata ya ce kasuwa ta ishe mu. Hadiza tana aji uku ta kawo mini takardar sakamako ta ce ita ce ta biyu. Na yanka mata kaza. Bayan kwana biyu maƙwabciyata ta ga takardar, ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ta biyu ce amma daga ƙarshe. Ban daki yarinyar ba. Na yafa gyalena na nufi makaranta, don a ganina malamar da ta bar 'yata a ƙarshen aji ita ce mai laifi.

Na same ta tana goge allo, 'yar siririya, hannunta fari fat da alli. Na zazzage mata duk abin da ke cikina, yara suna leƙe ta taga. Ta bari sai da na gama, sannan ta ce, "Maman Hadiza, wa ya fi ba ki haushi, ni ko takardar?"

Na ce takardar.

Ta ce, "To ki zo ranar Litinin bayan la'asar. Za mu yi maganinta."

Haka na shiga ajinta na yamma, na matan aure da zawarawa. Akwai Nufawa, akwai 'yan Gbagyi, akwai mu. Hausarta irin ta mutanen garinsu ce, mace da namiji duk "ya zo" ne, muna yi mata dariya tana yi wa rubutunmu dariya. Da na iya karatu sai na ƙi tafiya. Wasu sun karɓi takardar shaida sun koma gida, ni da wasu tsofaffi huɗu muka maƙale mata kamar ƙaya a zani.

Ina shekara ta huɗu a wurinta aka canza manhajar firamare. An kira malamai bita ta 'yan kwanaki, aka faɗa musu cewa daga yanzu ba a son malami ya tsaya yana zuba yara suna haddacewa, so ake yaro ya gano abu da kansa. Aka ce littattafai da jagoran malami suna nan tafe. Zango ya wuce ba su iso ba. Malamai da yawa suka ci gaba da tsohon littafinsu, suka sake masa sabon kai a takardar shirin darasi don mai duba makarantu. Ba na zaginsu, mutum ba zai ba da abin da ba a ba shi ba.

Malama Rifkatu sai ta ɓullo da wata dabara. Wata rana ta shigo ajinmu ta ce yau babu rubutu, darasin da za ta koya wa 'yan aji huɗu gobe shi za ta gwada a kanmu. Muka ce mu yara ne? Ta ce, "Yara suna jin tsorona. Ko ba su gane ba sai su ce sun gane. Ku kuwa, musamman wannan," ta nuna ni da alli, "ba ku da kunya."

Darasin yadda ruwa ke zama tururi ya hau sama, ya dawo ya zama ruwan sama ne. Ta zana rana da gajimare da kibiyoyi. Ta yi bayani da Turanci, ta sake da Hausa. Sauran mata suna gyaɗa kai saboda suna sonta. Ni na ce ban gane ba, kuma kibiyoyinta sun fi kama da ƙashin kifi. Ta goge ta sake. Na ce har yanzu. Sai na ga ta zauna a kan benci, ta yi tagumi, kamar ba ita ce malamar ba. Tausayinta ya kama ni, na ce, "Malama, wai abin da kike ta zagaye ba gumin murfin tukunya ba ne? Ruwa ya tafasa, ya hau, ya bugi murfi, ya ɗigo?"

Ta miƙe zumbur ta ɗauko biro. Ta ce in maimaita a hankali. Ta rubuta maganata a cikin littafin shirin darasinta, kalma bayan kalma. Na haifi 'ya'ya shida, na binne miji, na riƙe gida da tire da mudu, amma ranar ce farkon da wani mahaluki ya ga maganata ta isa a rubuta. Washegari da sassafe ta biyo ta gidana ta ari tukunyata da risho.

Daga nan abin ya zama al'ada. Duk sabon darasin da ya yi mata tsauri sai ta fara kawo mana shi. In ya faɗi a gabanmu ba ya zuwa gaban yara. In ya tsaya, sai ta yanka kwali ta rubuta shi tsaf, da kayan da za a nema da tambayoyin da za a yi, ta jefa a wani akwatin ƙarfe. Malaman makarantarsu suka riƙa zuwa aro. Ba ta taɓa kiran abin da wani babban suna ba. Cewa take yi, "Zan je in ɗanɗana miyar kafin in zuba wa yara."

Ciwon da ya ɗauke ta bai daɗe ba. Bayan an yi jana'iza mijinta ya aiko mini da akwatin, ya ce ita ta ce a ba ni. Na tura shi ƙarƙashin gado, na kasa buɗewa.

Hadizar da ta yi ta biyu daga ƙarshe ita ce ta je kwalejin horon malamai. Yanzu tana koyar da 'yan aji biyar a wata firamare da ke wajen Beji. Kwanakin baya aka sake canza manhaja. An rage wasu darussa, an ƙaro wasu, cikinsu har da sanin kwamfuta. Bitar da aka yi mutum biyu aka ɗauka daga makarantarsu, ba ta ciki. Abin da ya iso gare ta wani dogon rubutu ne da aka turo mata a waya, wanda sai ta ja shi da yatsu biyu kafin ta ga haruffan. Makarantar ba wuta, ba kwamfuta. Hedimasta ya ce ita ce mai ƙuruciya, ita za ta ɗauki darasin.

Ta yi mako uku tana kwafe abin da ke cikin waya zuwa allo, yara suna kwafewa zuwa littafi. Rannan ta shigo gidana ko gyale ba ta cire ba, ta ce, "Mama, na gaji da ƙarya. Ina tsaye ina faɗin abin da ni ma ban iya nuna shi ba, su kuma suna cewa sun gane." Ta ce ƙanin mijinta ya buɗe shagon kayan waya a Chanchaga, yana neman mai zama. In zango ya ƙare za ta koma can.

A nan na yi wautata, kuma gara in faɗa da bakina. Na jawo akwatin Malama na ajiye a gabanta, ina ji a raina na kawo mata magani. Muka buɗe. Gara ta cinye gefe guda. Sauran kwalayen Hadiza ta riƙa ɗagawa ɗaya bayan ɗaya, tana shafa rubutun, idonta ya cika, don ta gane hannun malamarta. Sannan ta ce, "Mama, duk na tsohuwar manhaja ne. Babu kwamfuta a nan ko ɗaya." Na ji haushi ƙwarai, har na ce mata 'yan zamani ba su san darajar abu ba. Ta tafi ba mu yi sallamar kirki ba.

Kwana biyu ina juya abin. Ni da aka yi komai a gabana, na ɗauka kwalayen ne aikin. Ashe na manta yadda aka yi kowane kwali ya samu shiga akwatin nan.

Na kira ta a waya na ce ranar Asabar ta zo da darasin Litinin. Na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na jingina tire a bango ya zama allo, na kira maƙwabtana biyu da ba su taɓa ganin kwamfuta kusa ba. Ta ce, "Haba Mama, wasan yara za mu yi?" Na ce ta fara, ko in fara mata.

Darasin shi ne wai kwamfuta tana karɓar abu, ta sarrafa shi, ta fitar da sakamako. Ta karanto daga waya. Na ce sauti kawai na ji. Ta zana akwatuna uku. Maman Ladi, maƙwabciyata, ta tambaya ko ɗakunan haya ne. Hadiza ta cije leɓe, na ga alamar kuka. Ban sassauta ba, don na san in na sassauta na cuce ta. Na ce, "Yaran Beji ba su fi mu sanin abin nan ba. In ba ki shigar da shi kan tsofaffi uku ba, ya za ki yi da yara cike da aji?"

Muna cikin haka aka tayar da injin markaɗe a bayan katanga, ƙararsa ta hana mu jin juna. Hadiza ta tsaya da alli a hannu tana kallon katangar. Da injin ya yi shiru sai ta juyo ta ce, "Maman Ladi, in kin je markaɗe me kike zubawa?"

"Tumatur da attarugu mana."

"Me ke fitowa?"

"Markaɗe. Ke yau kika zo duniya?"

"In kin zuba ruɓaɓɓen tumatur fa?"

"Sai in kwashi ruɓaɓɓen markaɗe. Inji ba ya gyara wa mutum halinsa."

Hadiza ta fashe da dariya, hawayen da ta riƙe suka zubo tare da dariyar. Wannan karon ba ni na samo ba, ita ta samo da kanta. Ranar Litinin ta kwashi ajinta zuwa wurin mai inji da ke kusa da makarantarsu.

Kada wani ya karanta wannan ya ce to shi ke nan, malamai su je su nemi injin markaɗe. A'a. Inji ba kwamfuta ba ne, kuma yaron da bai taɓa ɗora yatsa a kan na'ura ba bai iya ta ba, ko da ya ci jarrabawa. Masu canza manhaja, ina yi muku magana a matsayin uwa: ban ce kada ku canza ba, duniya ma canzawa take yi. Amma in kun canza, ku aiko da jagoran malami a takarda, wanda za a riƙe a hannu a ƙauyen da waya ba ta da caji. Ku kira duk malamin da zai tsaya gaban yara zuwa bita, ba mutum biyu ba. Ku sa misalan da yaro ya taɓa gani da idonsa. Malama Rifkatu ta yi dabara ne saboda an bar ta ita kaɗai, kuma da tana nan ita ce za ta fara cewa bai kamata a sake barin wata haka ba.

Da Malama tana raye, ina jin wayar nan za ta burge ta. Za ta sa gilashinta a ƙarshen hanci ta ce a nuna mata inda ake dannawa. Amma na tabbata duk abin da waya ta kawo mata, sai ta fara neman wanda zai iya kallon idonta ya ce mata darasin bai shiga ba. Abin da ta fi mu da shi ke nan. Malama ce da ba ta jin kunyar faɗuwa a gaban masu tallan kayan miya, muddin hakan zai hana ta faɗuwa a kan yara.

Addininta daban, nawa daban, ba mu taɓa jayayya a kai ba, kuma hukunci na Allah ne, Shi ya san abin da ta yi wa bayinSa. Abin da ni na sani shi ne, akwai yara a Beji da ba su taɓa jin sunanta ba, ba kuma za su ji ba, amma duk darasin da ya iso gabansu yanzu sai da aka wahalar da shi a tsakar gidana kafin ya zo.

Zango ya ƙare makon jiya. Ƙanin mijin Hadiza ya zo har gidana ya ce in yi mata magana, shago yana jira. Na ce ba ni zan yanke mata ba, na dai kira ta ta fito. Ta gaishe shi, ta yi masa godiya, ta ce ya ba ta zuwa ƙarshen shekara. Ya ce ba zai iya jira ba. Ta ce to ya nemi wata.