Sandar Awo da Matakalar Masallaci

Ku da kuke shigowa aikin ruwa yanzu, bari in ba ku labarin wata Talata da ban taɓa mantawa da ita ba, cikin hunturun da ya biyo bayan babbar ambaliyar Bangladesh, ƙarshen shekarun tamanin. Ina ƙaramin injiniya a wani buro, wato ofishi, na nazarin koguna a Lyon, ina haya a Saint-Fons inda hayaƙin masana'antu ke gaishe mu kowace safiya.

An ba buronmu aikin duba tsayin bangon ƙasa da za a gina a can Bangladesh don tare ruwa. A kowace tasha ta bakin kogi akwai sandar ƙarfe mai lambobi kafe cikin ruwa, da mutumin ƙauye da aka ɗauka ya duba ta safe da yamma ya rubuta a kaye, wato littafin rubutu. Kwafin waɗannan kaye aka aiko mana cikin kwalaye, ni kuma ina shigar da lambobin a na'ura.

Ranar sai shugabarmu, Madam Odile, ta aje kayen tasha ta sha bakwai a gabana. Mace ce mai gaskiya, amma ba ta da haƙuri da malalaci. Ta ce, "Duba nan, Mamman. Kwana shida ruwa na tsaye a mita tara cif, lokacin da sauran tashoshi ke hawa. Mai awon nan yana kwance a ɗaka yana rubuta abin da ya ga dama. Fitar da tashar, ka sa sunansa cikin waɗanda za a sallama. Rahoto zai tafi Litinin."

Na ce to, amma abin ya tsaya mini a rai. Kafin in zo karatu na yi damina guda ina duba sanda a Gulbin Maraɗi, kuma Allah Ya yafe mini, na taɓa rubuta awo daga bisa tabarma. Na san yadda ake yi: ka ƙara santimita biyu yau, ka rage uku gobe, don abin ya yi kama da gaskiya. Maƙaryaci ba ya maimaita lamba ɗaya sau goma sha biyu. Ga kuma wani siririn rubutu a gefen shafin, da baƙaƙen yarensu, wanda babu mai iya karantawa a buron. Mutumin da ya gaji da aiki, me zai sa ya ƙara wa kansa rubutu?

Na roƙi Madam ta ba ni zuwa Litinin ɗin. Ta ɗaga kafaɗa ta ce kuɗin jirgi daga aljihuna.

Asabar na shiga jirgin ƙasa zuwa Paris, na nufi Barbès wurin Alhaji Isuhu, abokin mahaifina, mai sayar da atamfa. Duk wanda ke neman wani a unguwar nan, daga shagonsa yake farawa. Bayan mun gaisa, ya tambayi mutanen Maraɗi ɗaya bayan ɗaya, na miƙa masa takardar da ke da rubutun, ya juya ta sama da ƙasa.

"Kai ɗana, tun daga Lyon ka taho don wanga zane? Mi za ka yi da shi?"

"Baba Alhaji, aikin wani bawan Allah ne a ciki."

"To zamna ka sha shayi. Akwai Karimu, muna sahu ɗaya da shi ran Juma'a. Can ƙasar ya hito."

Karimu mai wanke kwanoni ne a wani gidan abinci. Ya goge hannu da gaban riga ya karɓi takardar, yana karantawa yana fassara mana da faransancinsa mai ɗingishi. Rana ta farko mai awon ya rubuta cewa ruwa ya shanye sanda, kanta ma ba a gani, don haka ya sa lambar ƙarshe da ke jikinta, zai riƙa aunawa a matakalar masallacin ƙauye. Rana ta biyu, matakala ta uku da yatsa huɗu. Ta uku, matakala ta biyar. Kullum safe da yamma, da kwalekwale yake zuwa.

Da Karimu ya kai rana ta huɗu sai ya sake karantawa a zuci. Alhaji ya ce, "Malam Karimu, lafiya?" Ya ce mutumin ya rubuta: "Gidana ya tafi da asuba. Na kai yara bisa tudun hanya. Awon safe ya makara da awa biyu, a gafarce ni."

Kunya ta kama ni, don ni da hannuna na riga na rubuta sunansa a takardar sallama da fensir.

Litinin na kai wa Madam fassarar. Ta karanta a tsaye, sannan ta zauna. Ta ce, "Ke nan ruwan ya wuce abin da muka lissafa." Aka tsai da rahoton, aka aika wa abokan aikinmu na can su je su auna tsayin matakalar da na'ura. Da amsa ta dawo, sai da aka ƙara wa bangon wannan yanki tsayi. Sunan mutumin kuwa, Madam ce ta karɓi abin gogewa daga hannuna ta goge shi da kanta.

Ban taɓa ganinsa ba, shi ma bai san da ni ba. Abin da ya koya mini shi ne kowace lamba da ta iso teburinku, wani ne ya shiga ruwa ya ɗauko ta. In ta yi muku kama da ƙarya, kafin ku zargi mai ita, ku karanta gefen shafi tukuna.