Injin da Na Saya a Katuru

Ni ba mai yawan magana ba ne, ban kuma yi boko ba, kafinta ne ni a Kaura Namoda. Abin da zan faɗa muku, wallahi ni ya faru da shi, shekarun baya, lokacin da na samu aikin bencinan wata makaranta a Sakajiki, ga ni ba inji, ga iyali na jiran abinci.

Aka ce mini akwai tsohon injin tsaga katako na sayarwa a Katuru, wajen Shinkafi. Na hau mashin na tafi, a gajiye, don hanyar nan ba a bin ta da kwanciyar rai.

Mai sayarwar wani manomi ne, Garba. Injin na wansa ne, Isa kafinta, wanda 'yan bindiga suka ɗauke a hanyar Zurmi, shekara biyu ba labari. A gabana ya fasa kwaɗon shagon, don ya yi tsatsa.

Mu masu sayen tsohon inji muna da ƙa'ida: kafin ka duba haƙoran zarto ko bel, ɗora tafin hannu a jikin injin. In da ɗumi, an tashe shi kafin ka iso don a ɓoye maka wahalar tashinsa. Na ɗora. Ɗumi kamar jikin mutum.

Na ce, "Malam Garba, ni za ka yi wa wayo?"

Ya ce, "Mi zan tashe shi da shi, maigida? Leƙa tanki."

Na leƙa, ƙaf, ba ɗigon mai, har da yanar gizo. Da a ce ina da zaɓi, da na juya. Ba ni da shi. Na saya.

Injin lafiya lau, ba kaɗawa, ba ƙara. Matsala ɗaya: in na saita ma'auni a faɗin benci, na ɗaure noti da sifana, na tafi azahar, sai in dawo in tarar ya koma wani faɗi daban, kullum guda ɗaya. Na canza noti. Na kulle shago da kaina. A banza. Katakon mutane na ɓata har shida, shugaban makaranta ya aiko cewa in ban kawo cikin mako ba, zai ba wani aikin.

Sai na tuna ɗumin nan, na kira Garba a waya na ce, "Wane aiki wanka ya bari bai gama ba?"

Ya ce, "Ƙyauren ɗakin inna. Katakonsa ya tafi saye aka ɗauke shi. Har yau asabari ke ƙofar, ta hana kowa ya sa mata wani."

Na ajiye waya. Na tsaga katako a faɗin da injin ke so, falle uku, na haɗa, na kai Katuru. Ni da ban taɓa auna ƙofar ba. Ya zauna daram, ko ruwan wuƙa ba zai shiga ba. Tsohuwar ta shafa shi ta ce, "Aikin Isa ne." Sai ta juya ta ce wa Garba a sanar da liman, a yi wa ɗanta addu'ar mamaci.

Tun ranar ma'aunin bai sake motsi ba, na gama bencina. Da safe in na taɓa injin, sanyi ƙalau. Ban tambayi kowa fassara ba, na gaji da tambaya.

In za ku sayi injin wanda ba ya nan, ku duba zarto, ku duba bel. Amma ku fara tambayar aikin da ya bari a kai.